KAFIN A YANKE ƘYALLE, A MURƊA FAMFO

Duk wanda ya ke sauraron rediyo ko ya ke duba jaridu ya san da wuya wata ya kama har ya mutu ba a ji an buɗe sabon asibiti a wata jiha ba, ko kuwa an ƙaddamar da wata na'ura da aka sayo daga ƙasashen waje a kan kuɗi masu nauyi. A kafa rumfuna, a jera kujeru, makaɗa su yi ta kiɗa, babban baƙo ya iso da jerin gwanon motoci, a miƙa masa almakashi a kan faranti ya yanke ƙyalle, a tafa, a ɗauki hoto, a watse. Ni ba na ƙin buki, ba na kuwa yi wa mai almakashi hassada. Roƙona ɗaya ne. Ranar da za a sake irin wannan taro, kafin a yanke ƙyallen nan, wani daga cikin manyan baƙi ya ratse ya shiga ɗakin haihuwa ya murɗa famfo. In ruwa ya zubo, a ci gaba da buki. In kuwa iska ce ta fito, to, a naɗe rumfa, domin ba a gama asibiti ba tukuna.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanakin baya na yi kwana goma sha ɗaya ina jinyar yayana a wani babban asibitin gwamnati a nan Kudu. Ba sai na faɗi sunan wurin ba, gama abin da na gani can ba nasu ba ne su kaɗai. Ƙaba ce ta murɗe masa da tsakar dare, muka garzaya da shi. Tun ba a kai shi ɗakin tiyata ba aka miƙo mini 'yar takarda: safar hannu kaza, sirinji kaza, auduga, filasta, bandeji, zaren ɗinki, ledar ƙarin ruwa da tiyonta, har da reza. Na tsallaka titi da gudu na buga wa mai kemis ƙofa, yayana kuwa yana kwance yana murƙususu sai da na komo. Ruwan da muka riƙa goge masa jiki da shi, da wanda muka riƙa zubawa a makewayi, daga hannun 'yan garuwa na riƙa saye a bakin ƙofa, jarka-jarka. Alhali kuwa a kan hanyar zuwa ɗakin da aka kwantar da shi akwai wani ɗaki kulle, in ka leƙa ta taga sai ka hangi wata ƙatuwar na'ura lulluɓe da leda, ƙura ta yi mata rawani. Na tambayi masinja, ya ce bayan bukinta ta yi aiki 'yan watanni, wani ɗan ƙarfe ya lalace a cikinta, an rubuta takarda zuwa sama, ana nan ana jiran amsa.

Kada in ci amanar kowa, likitan da ya yi aikin ya san aikinsa, yayana kuwa ya tashi, mun gode Allah. Amma a cikin dararen nan na gane wani abu da ban gane ba a da. Mu talakawa, in an ce asibiti, abin da mu ke hange shi ne dogon gini da likita mai farar riga da abin sauraron ƙirji rataye a wuya. Shugabanni kuma abin da su ke hange ke nan, shi ya sa shi su ke saye. Nauyin asibiti kuwa a kan ƙananan abubuwa ya ke zaune, waɗanda ba a yi musu buki, da ƙananan ma'aikata waɗanda ba a kiran sunansu a jawabi.

Mu fara da ruwa da sabulu. A cikin 1847, a babban asibitin Biyana ta ƙasar Ostiriya, wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya lura mata masu jego suna mutuwa da zazzaɓi a ɗakin da likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa fiye da ɗakin da ungozomomi ke karɓa. Ya bi diddigi ya tarar likitocin nan daga wurin fiɗar gawa su ke fitowa su shiga duba mata da hannuwansu haka nan. Sai ya kafa doka kowa ya wanke hannu da ruwan da aka jiƙa da sinadarin kulorin. A watan Afrilu na shekarar, mata 18 cikin 100 ne suka mutu a ɗakin nan. Kafin watan Yuni ya ƙare abin ya sauko wajen 2 cikin 100. Bai sayo na'ura ba, bai ƙara gini ba, tasa ce kawai da ruwa. Shekara 175 bayan wannan, watau a cikin 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba da rahoto cewa rabin wuraren shan magani na duniya ba su da cikakken abin wanke hannu a inda a ke duba marasa lafiya da kuma bakin makewayi. Ba sai an yi mana fassara ba, mun san a wane rabin yawancin namu su ke.

Wannan kuka kuwa ba na yau ba ne. Dattawa za su tuna jawabin da Birgediya Sani Abacha ya karanta a rediyo ran 31 ga Disamba, 1983, sa'ad da soja suka kifar da Jamhuriya ta Biyu. Cikin laifuffukan da ya lissafa har da cewa asibitoci sun koma wurin ganin likita kawai, ba magani, ba ruwa, ba kayan aiki. Soja suka yi nasu suka tafi, farar hula suka dawo a 1999, jam'iyyu suka yi ta karɓa-karɓa a tarayya da jihohi, ga shi sama da shekara arba'in ɗan garuwa bai rasa ciniki a bakin asibiti ba. Saboda haka wannan magana ba ta zargin wani ɓangare ɗaya ba ce. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Sai allura. Ba abin da aka raina a asibiti kamar sirinji, ɗan roba ne da tsinken ƙarfe, a yi amfani da shi sau ɗaya a jefa a akwatin da aka tanada. Amma ranar da ya yi ƙaranci, har wani ya ga ya kamata a yi tattali a soka wa mutum biyu ko uku abu ɗaya, ranar asibiti ya ke komawa masaƙar cuta. A 1976, a wani asibitin mishan da ke Yambuku cikin ƙasar Zaire, wadda a yau a ke kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, sirinji biyar a kan ba ma'aikata kowace safiya, da su za a yi wa duk wanda ya zo allura har yamma. Ta nan cutar Ebola ta bazu a karo na farko da duniya ta san ta a ƙasar: mutum 318 suka kamu, 280 suka mutu. Kada wani ya ce ai can ne. A nan gida, cikin 1989, zazzaɓin Lassa ya ɓarke a asibitoci biyu a Jihar Imo. Masu bincike suka ƙidaya mutum 34 da suka kamu, 22 suka riga mu gidan gaskiya, cikinsu har da ma'aikatan asibitin, kuma suka tabbatar cewa maimaita sirinji da yin aiki ba kariya su ne suka yaɗa cutar daga gado zuwa gado. Mutane sun zo neman lafiya da ƙafafunsu, aka soka musu ajali. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Haka batun safar hannu, da tukunyar nan da a ke turara almakashi da wuƙaƙen tiyata a ciki. Aikinta shi ne ta dafa kayan da tururi mai zafin digiri 121 har ƙwayoyin cuta su mutu. In ba wuta, ko bakinta ya daina kamawa, sai a koma tafasa kaya a kan risho, ana fata Allah ya kiyaye. Likita ya iya yanka, ya iya ɗinki, amma in abin da aka miƙo masa bai tsarkaka ba, bayan kwana uku ciwo ya yi ruwa, a ce aiki bai yi kyau ba, alhali laifin na tukunya ne da wanda ya hana kuɗin gyaranta.

Wutar lantarki ma a nan ta shigo. Da yawa sun ɗauka amfaninta a asibiti shi ne fanka da fitila. Ina! Firijin da a ke ajiye allurar rigakafin yara dole sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, haka kuma allurar nan da a ke yi wa mace bayan ta haihu don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya. In zafi ya daɗe yana dukanta sai ƙarfinta ya ragu, ungozoma ta yi allura da zuciya ɗaya, jini kuwa ya ci gaba da zuba. Jinin da a ke ajiyewa don ƙari shi ma sai da firiji. Injin da ke tace iskar numfashi daga iskar ɗaki ya ba yaro mai ciwon nimoniya, da an ɗauke wuta ya yi shiru. Kwalbar da a ke sa bakwaini ita ma haka. A cikin 2008 wata likitar mata Ba'amurkiya, Laura Stachel, ta zo wani asibitin gwamnati a Zariya don ta binciki abin da ke kashe mata wurin haihuwa. Ta tarar da ma'aikata da suka san aikinsu, amma ana karɓar haihuwa da fitilar kananzir, ana jinkirta tiyata har gari ya waye. Da ta koma gida ita da mijinta suka harhaɗa wani ɗan akwati mai faifan hasken rana da batir da fitilu, wanda daga baya aka rarraba irinsa a ɗakunan haihuwa a ƙasashe da yawa. Abin a yaba mata ne, amma abin kunya ne gare mu, a ce ƙasar da rana ke dukanta tun safe har yamma sai baƙuwa ta zo ta nuna mata inda fitila ta ke.

Akwai wani misali da ya fi wannan faranta rai, domin da hannun 'yar ƙasa a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata wajen 82,000 ne suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da rubu'in na duniya duka, zubar jini kuwa yana kan gaba cikin dalilan. Matsalar ita ce, da ido a ke kimanta jinin da mace ta zubar, ido kuwa ya kan yi ƙarya, balle jinin da ya jiƙe zane ya bi katifa. Kafin a farga an makara. Sai masana suka gwada wata leda da a ke shimfiɗa wa mai haihuwa, mai aljihu a ƙasa da zanen awo a jiki, jini na taruwa ungozoma na ganin inda ya kai. Da ya kai rabin lita ba sauran jira, a haɗa mata magunguna da murza mahaifa da ƙarin ruwa gaba ɗaya, maimakon a yi ta gwada ɗaya bayan ɗaya. An gwada wannan a kan mata fiye da 200,000 a asibitocin Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano ce ta jagoranci ɓangaren Nijeriya. Sakamakon da aka bayyana a 2023 ya nuna mummunar zubar jini da abin da ta kan jawo sun ragu da kashi 60 cikin 100. Leda fa! Wane babban baƙo ne zai yarda a kira makaɗa don ya ƙaddamar da leda?

To, a nan gizo ke saƙa. Na'ura mai tsada tana da kwangila, tana da hoto, tana da allon da za a rubuta sunan wanda ya kawo ta. Sabulu ba shi da ko ɗaya, ga shi kuma ƙarewa ya ke yi, kowane wata sai an sake saye. Na san akwai masu cewa, to, so ka ke mu zauna ba injin wankin ƙoda, ba na gashin ciwon daji, masu hali su yi ta tafiya Indiya da Masar, marasa hali su mutu a gida? A'a, ban ce haka ba. Mai ciwon ƙoda ɗan ƙasa ne, yana da hakki. Amma injin wankin ƙodar nan da kansa ba ya aiki sai da tataccen ruwa mai yawa, da wuta da ba ta yankewa, da wanda zai gyara shi in ya tsaya. Wasu masana na Jami'ar Duke ta Amurka sun bi lissafin kayan asibiti fiye da 100,000 a ƙasashe matalauta, suka bayyana a 2011 cewa kusan kashi 40 cikin 100 ba sa aiki, yawanci don rashin horarrun masu gyara, da rashin kayan gyara, da rashin tsarin kula. Sayen babbar na'ura a kai ta inda ba ruwa, ba wuta, ba makaniki, kitso ne a kan ƙwarƙwata.

Makanikin nan kuwa shi ya kawo ni kan mutane. A dararen da na yi, likita na kan gan shi da safe in ya zo zagaye, sai kuwa in abu ya ɓaci a kira shi. Ba laifinsa ba ne, su kaɗan ne, marasa lafiya kuwa ba iyaka. Waɗanda su ke riƙe da ɗakin nan dare da rana su ne nas biyu da ke bin gadaje da tocilan ɗin waya a baki suna neman jijiya, da mai tura gadon marasa lafiya wanda ya san kowane rami a barandar, da mai awon jini, da akawun kati wanda in ya ɓatar da fayil ɗinka ka koma baƙo, da mai wankin zannuwan gado, da mai kula da janareto, da mai gadi. Sai kuma wata dattijuwa mai shara, kowa Mama ya ke ce mata. Bayarabiya ce, amma ta yi shekaru a Sabon Garin Kano, Hausa a bakinta kamar ruwa. Yayana ba ya jin Turanci, ba ya jin Yarabanci. Wata safiya na fita sayen magani, likita ya zo yana tambayarsa, ba mai fassara. Ita ta jingine tsintsiya ta tsaya a kansu. Da na dawo ta ce mini, "Malam, Baba ya ce tun jiya bai yi fitsari ba, yana jin nauyin faɗa wa 'yan matan nan. Na gaya wa likita, an sa masa roba." Ba a cikin aikinta ya ke ba, ba kuwa wanda zai ƙara mata kwabo. Da na tambaye ta, ta ce ita ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce, ɗan kwangila ne ya ɗauke su, albashin ma sai an ga dama.

Irin waɗannan mutane su ke kwashe amai da jini, su ke ɗaukar akwatin tsofaffin allurai, sau da yawa ba safar hannu mai kauri, ba takalmin roba. In annoba ta zo kuwa ba ta tambayar matakin albashi. Sa'ad da wani matafiyi daga Laberiya ya shigo Ikko da cutar Ebola ran 20 ga Yuli, 2014, Dokta Ameyo Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ta tsare ƙasar nan daga bala'i, ita kuma ta rasa ranta ran 19 ga Agusta. Ta cancanci duk yabon da a ke yi mata har da ƙari. Amma a asibitin nan ba ita kaɗai ta rasu ba. Akwai wani likita, akwai nas, akwai kuma wata mai taimakon nas a ɗakin kwanciya. Mutum nawa ne cikinmu suka taɓa jin labarinta?

Mu ma jama'a muna da namu laifi, kada mu ɗora wa gwamnati duka. Marar lafiya ɗaya, 'yan dubiya ashirin, a cika ɗaki, a zauna a kan gado, a tofa yawu ta taga, a zubar da sauran tuwo a magudana har ta toshe. A ce a ba da jini, 'yan'uwa su zame ɗaya bayan ɗaya, sai a koma neman na saye. Nas ta yi magana a zage ta, wani ma ya ɗaga mata hannu. Ba na musun cewa akwai ma'aikata masu kaushin hali, akwai kuma masu karkatar da magani da auduga zuwa kemis ɗinsu na bayan gida, waɗannan kuwa ɓarayi ne, a hukunta su. Amma wanda ya kwance kan famfon asibiti ya kai kasuwar 'yan gwangwan, shi ma ba daga sama ya faɗo ba.

Game da kuɗi, ba sabuwar doka mu ke nema ba. A watan Afrilu na 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. Gwamnatin Tarayya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa cika wannan ba, abin da ta kan ware yawanci tsakanin kashi 4 ne da 6. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusu na musamman don kiwon lafiya a matakin farko, wanda za a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, ko da ya ke sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Dokar ta faɗi yadda za a raba shi: kashi 20 na magunguna da allurar rigakafi da kayan da ke ƙarewa, kashi 15 na samar da gine-gine da kayan aiki da motoci da kuma gyaransu, kashi 10 na horar da ma'aikata. Ashe ke nan sabulu da sirinji da ladan makaniki suna da gurbi a doka. Abin da ya rage shi ne mai bin sawu.

Shawarata ga Kwamishinonin Lafiya ita ce, kada a sake sa hannu a kwangilar wata na'ura sai an rubuta a ciki wanda zai gyara ta, da kayan gyara na shekaru, da 'yan ƙasa da za a koya wa aikinta. A ba shugaban kowane asibiti 'yan kuɗin gyara a hannunsa, don kada takarda ta yi wata shida a hanya saboda kan famfo, sa'an nan a liƙa lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe a bakin ƙofa inda kowa zai karanta. Masu shara da masu wanki a biya su a kan kari, a ba su safar hannu da takalmi, a yi musu rigakafin ciwon hanta kamar yadda a ke yi wa likitoci. 'Yan majalisa masu neman aikin mazaɓa, da attajiranmu na Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan masu neman lada, ga rijiyar burtsatse da tanki da faifan hasken rana a ɗakin haihuwa, sun fi ƙofar ƙarfe mai ɗauke da suna.

Ku kuma sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, akwai kwamitin raya gunduma da aka tanada don sa ido a kan asibitin unguwa. Ku nemi kujera a ciki, ku tura wanda ya iya karatu da lissafi. In ya je, ya tambayi ranar da ruwa ya zo na ƙarshe, ya buɗe firiji ya duba ma'aunin sanyi, ya ƙirga kwalayen sirinji, sa'an nan ya nemi mai shara a gefe ya tambaye ta watan da aka biya ta na ƙarshe. Abin da ya samu ya rubuto mana, za mu buga a wannan shafi.